Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin tsangayoyin ilimi na jami'o'in Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai.

Ni malamin Kemistiri ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Shekarata 19 da alli a hannu, kuma yau shekara 7 ke nan ina riƙe da sashen kimiyya na makarantar. A hannunku na yi digirin koyar da kimiyya. Wasunku sun koyar da ni, wasunku kuma tare muka zauna a aji. Saboda haka almajiri ne yake magana a gaban malamansa, kuma da ladabi zan yi ta. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa da muke karɓar ɗalibanku duk shekara idan sun fito koyarwar gwaji, a daidai ƙarƙashin yoyon muke kwana.

Bara an turo mana ɗalibai shida daga wata jami'a, biyu daga cikinsu 'yan Kemistiri. Ɗayan yaro ne mai natsuwa, ɗan aji huɗu, saura masa 'yan watanni ya kammala. Littafin shirin darasinsa tsaf yake, rubutu kamar bugun inji. Idan ka tambaye shi ra'ayoyin masana ilimin koyarwa irin su Piaget ko Bloom sai ya zubo maka kamar ruwa. Wata Laraba bayan an tashi na ce ya tsaya ya taya ni haɗa ruwan da 'yan SS3 za su yi firaktikal da shi washegari. Na miƙa masa kwalbar salfiyurik asid, irin wanda ake sirkawa a zuba wa batirin mota, na ce ya sirka mana, ni kuma na juya ina auna hoda a sikeli. Da na waiwayo sai na ga ya zuba asid ɗin tsurarsa a kofin gilashi, ya ɗauko ruwa zai tuttula a kai. Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba.

Ku kun san abin da zai faru. Asid ɗin ya fi ruwa nauyi, haɗuwarsu kuma zafi take haifarwa mai tsanani. Ruwan da ya fara sauka zai tsaya a sama ya tafasa nan take, ya fantsamo da asid a fuska da ido. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa duk wanda zai shiga ɗakin gwaje-gwaje shi ne asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana juyawa. Yaron ya san wannan doka. Ya rubuta ta a jarrabawa, har ya ci maki da ita. Hannunsa ne bai san ta ba.

Da muka zo kan biyuret, wato dogon bututun gilashin nan mai famfo a ƙasa da ake ɗiga asid da shi, ya cika shi ya bar mazurari a baki, bai kori kumfar iskar da ta maƙale a ƙasan famfon ba, kuma ya karanta awon yana tsaye yana leƙowa daga sama, maimakon ya sunkuya idonsa ya zo daidai da lanƙwasar ruwan. Na tambaye shi sau nawa ya taɓa yin wannan aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, sau biyu, a aji ɗaya. Mun kai mu ashirin a kan biyuret guda. Ni rubutu kawai na yi."

Yammaci uku na zauna da shi. A na ukun ya yi awo sau uku, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce mililita 0.1 ba. Da ruwan ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo da ɗigo ɗaya tak, ya ɗago kai yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya koya a kwana uku a wani tsohon lab mai fasassun tagogi, shi ne shekara huɗu na jami'a ba su ba shi ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Allah ya gafarta malamai, ku dubi inda wannan yaro zai dosa. Idan Allah ya ba shi aiki, akwai yiwuwar a tura shi makarantar da shi kaɗai ne malamin Kemistiri, babu na gaba da shi da zai tambaya, babu ma'aikacin lab. Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO za a aiko wa makaranta takardar sirri mai bayanin irin ruwan da za a haɗa da ƙarfin kowanne. Shi zai auna, shi zai sirka, shi zai raba wa kowane ɗalibi. Sannan shi da kansa zai yi awon ya rubuta abin da ya samu, a aika tare da takardun yara, domin da awonsa ne masu maki za su gwada na ɗalibai. Idan ya kuskure, yara ɗari ko fiye sun kuskure tare da shi, ba su ji ba ba su gani ba. Haka malamin Fiziks zai jera madubai da gilasan haske da wayoyi da batura, haka malamin Bayoloji zai nemo ganyaye da ƙwari da ƙasusuwan da aka lissafa masa. Wanda bai iya ba, abu biyu yake yi: ko ya hayo wani daga waje a ɓoye, ko ya rubuta wa yara lambobi a allo su kwafa. Da yawa daga cikin abin da muke kuka da shi na satar amsa a firaktikal, daga tsoron malami ya samo asali. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san yadda abin yake faruwa, don ni ma ta nan na biyo. Ɗalibin da ke karatun koyar da kimiyya agola ne a gida biyu. Sunansa yana tsangayar ilimi, amma Kemistiri da Fiziks da Bayoloji da Lissafi a tsangayar kimiyya yake ɗaukarsu. A can ana yi masa kallon baƙo. Idan kayan aiki sun yi kaɗan, 'yan gida ake fara ba wa. Idan jadawalin lakca ya ci karo, kuma kullum sai ya ci, shi ne zai zaɓi wadda zai rasa. Firaktikal na ɗaukar awa uku, lakcar tarihin ilimi ko falsafarsa tana faɗowa a tsakiyar awa ukun, kuma a can ake kiran suna. To wanne kuke jin zai bari? A wasu wuraren ma, don a rage masa nauyin kwasa-kwasai, kwas ɗin firaktikal ɗin ake fara cirewa daga jerin na dole. A tsangayar ilimi kuma, a zamaninmu, kwas ɗin dabarun koyar da kimiyya a ɗakin lakca muka yi shi daga farko har ƙarshe. An karanta mana amfanin koyarwa ta hanyar gwaji, mun rubuta, mun haddace, ba mu kunna ko ashana ba. Ɗaliban da ke zuwa mana yanzu suna ba ni labarin da bai bambanta da nawa ba.

Ga roƙona na farko, kuma shi ne uwar wasiƙar. Kowace tsangayar ilimi ta mallaki ɗakin gwaje-gwaje nata na kanta, ba irin na bincike mai injinan miliyoyi ba, irin na sakandare: biyuret da fifet (siririn bututun gilashin da ake zuƙo ruwa a auna da shi), sikeli, murhun gas, madubin ƙara girma, ma'aunin wuta, agogon awo, zare da ƙarfen lilo. A mayar da kwas ɗin dabarun koyarwa cikin wannan ɗaki. Kada ɗalibi ya fita da digiri sai ya tsaya shi kaɗai a gaban malamai biyu, ɗaya daga ilimi ɗaya daga kimiyya, an ba shi takarda irin wadda hukumar jarrabawa ke aikowa, ya haɗa, ya auna, ya koyar da darasin, ya kuma nuna abin da zai yi idan asid ya zubo wa yaro a hannu. Wanda ya faɗi ya maimaita, kamar yadda ɗalibin likitanci yake maimaitawa idan ya faɗi a gaban gadon marar lafiya. Jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta TRCN take yi kafin ta ba malami lasisi a kan kwamfuta ake yin ta, tana auna abin da ke kai. Abin da ke hannu ku kaɗai ne kuke da damar aunawa.

Kada a ce mini manhaja daga Abuja take zuwa. Tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya tsara kashi 70 cikin ɗari, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 a hannun majalisunku yake. Kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuma da ake gina manyan ɗakunan lakca da shi, ɗan ƙaramin yanki daga ciki ya isa ya kafa irin ɗakin da nake magana. Kuɗin kujerun babban ɗakin taro guda zai sayi biyuret da fifet da za su ishi aji guda kowa ya riƙe nasa.

Amma ko da kun ba shi wannan horo, makarantar da zai je ba lallai ta mallaki kayan ba. Saboda haka akwai wani ilimi da na fi so ku ba shi, wanda ni sai da na shekara biyar ina aiki na tsince shi a wajen wani dattijon malami da ya kusa ritaya. Wata rana 'yan SS1 za su yi darasin asid da kishiyarsa alkali, ba mu da takardar litmos, wadda launinta ke nuna asid ko alkali, ko ƙwaya ɗaya. Ya aiki yaro kasuwa ya sayo zoɓo, da tsamiya, da lemon tsami, da kanwa, ya kuma sa aka ɗebo toka a murhun masu dafa abinci. Ya jiƙa zoɓon a ruwan zafi ya tace, ya zuba a kofuna biyar ya jera a kan tebur. Ya ɗiga ruwan tsamiya a na farko, ja ya ƙara haske. Lemon tsami ma haka. Da ya ɗiga ruwan kanwa a na uku, jan nan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Ajin ya yi tsit, sai kuma ya ɓarke da hayaniya. Wata yarinya a baya ta miƙe ta ce ita ta sha ganin haka idan mahaifiyarta ta sa kanwa a miyar yakuwa, tsamin ya mutu, launin ya sauya. Dattijon ya ce, "To kin ga Kemistiri, tun kina goye kike kallonsa." Daga nan ya kai su ga dalilin da ya sa ake jiƙa kanwa a sha idan ciki yana zafi, da dalilin da ya sa masu rini a marinar Ƙofar Mata suke zuba toka a cikin baba. Yaran nan har suka gama makaranta ba su manta darasin ba.

Irin wannan yana nan birjik. Zare mai tsawon mita ɗaya da dutse a ƙarshensa, idan ka kaɗa shi, zuwa da dawowarsa daƙiƙa biyu ne, kuma da shi yaro zai lissafo ƙarfin jan ƙasa ya samu kusan 9.8 da hannunsa, da agogon wayar malam. Randa tana sanyaya ruwa saboda wanda yake tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi. Siririyar fatar albasa ta isa a nuna wa yaro ƙwayar halitta. Maƙeri, da mai gyaran rediyo, da mai haɗa sola a unguwa, duk ɗakunan gwaji ne a buɗe. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda take nan tun 1957, ta daɗe tana tarukan horo a kan ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kusa. Me zai hana wannan ya zama kwas mai zaman kansa, mai maki, wanda tsofaffin malaman sakandare za su riƙa shigowa suna taya ku koyarwa? Dattijon da na ambata ya rasu. Ilimin da ke kansa babu wanda ya rubuta.

A cikin wannan kwas ɗin ne kuma ya kamata a fuskanci maganar harshe. Kowa ya san a ajin kimiyya na makarantun gwamnati a nan Arewa, malami da Turanci yake rubutu a allo, da Hausa yake bayani. Haka muke yi, domin in ba haka ba rabin ajin kallo kawai suke. Amma babu wanda ya koya mana yadda ake yin sa da kyau, yadda za ka bambanta wa yaro nauyi da yawan abu, ko zafi da ma'aunin zafi, ba tare da ka cakuɗa masa ba, sannan ka mayar da shi kan kalmar Turancin da zai gamu da ita a jarrabawa. Kowane malami da tasa fassarar, wasu daidai wasu kuskure. Kuna da sassan Hausa a jami'o'inku, ƙofa da ƙofa da ku.

Sai koyarwar gwaji. Yawanci mako shida ne a aji uku, mako shida a aji huɗu. A takarda ke nan. A zahiri, saboda kalandar jami'a da ta sakandare ba sa tafiya tare, sau da yawa ɗalibai suna iso mana ana saura mako biyu a fara jarrabawar ƙarshen zango, su ƙare da sa ido a ɗakin jarrabawa da cike katin sakamako. Mai dubawa yakan zo sau ɗaya. Na taɓa ganin wanda ya shigo ajin Fiziks ya zauna minti goma, ya duba littafin shiri, ya sa hannu, ya wuce makaranta ta gaba, domin ɗalibai talatin aka ɗora masa a garuruwa uku kuma fanninsa ba kimiyya ba ne. A cikin minti goman nan ɗalibin ya zana haɗin batura a juye, babu wanda ya gani sai ni. Ban ga laifin mai dubawar ba, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma ni da na zauna da ɗalibin kullum, ba a tambaye ni komai ba. Ku ba mu kaso a cikin makin. Ku zaɓi makarantu ƙalilan ku ƙulla zumunci na dindindin da su, ku san malamansu, ku turo ɗalibai a farkon zango. Ku sa sharaɗi cewa kowane ɗalibin kimiyya sai ya jagoranci firaktikal aƙalla sau huɗu a ajin gaske, mai yara 80 ko 90 irin namu, ba 40 ɗin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada ba, don ya koyi yadda ake raba biyuret goma ga yara casa'in kowa ya taɓa.

Na san za ku ce matsalar tun daga ƙofar shiga take, kuma gaskiyarku. Idan na tambayi ɗaliban da ke zuwa mana wa ya cike koyarwa da kansa a fom ɗin JAMB, da ƙyar hannu ɗaya yake tashi. Likitanci suka nema, ko haɗa magunguna, ko injiniya, maki bai kai ba aka turo su wajenku. A 2024 mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, kuma daga can ne da yawa suke shigowa aji biyu a jami'a. Ba haka aka faro ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai, zaƙaƙuran yaran larduna ake tsamowa a kai mata. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi. Marigayi Shehu Shagari, kafin ya shiga siyasa, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato. Da jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ta zuba kayan aiki ta kuma nemo malaman da suka iya amfani da su, har daga ƙasashen waje. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu suna nan a asibitocinmu da jami'o'inku, wasu ma suna cikin masu karanta wannan wasiƙa. Yau ba mu da kuɗin ɗauko malami daga Indiya. Wanda kuka yaye shi ne kaɗai muke da shi.

Albashi ba a hannunku yake ba, na sani. Amma muryarku ta fi tamu kaiwa nesa. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki, kuma maganar ritaya a shekara 65 ko bayan aikin shekara 40 ta zama doka a 2022. A ranar malamai ta 2021, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar da alawus na naira 75,000 kowane zangon karatu ga masu digirin koyarwa a jami'o'in gwamnati, da 50,000 ga 'yan NCE. Sunayen waɗannan ɗalibai a ofisoshinku suke. Ku ne ya kamata ku riƙa bin sawun maganar, ku riƙa tuna wa gwamnatin tarayya da gwamnonin jihohi, a rubuce kuma a bainar jama'a. Idan jihohi za su ware tallafi na musamman ga duk yarinyar da ta zaɓi koyar da Fiziks ko Lissafi, da makarantun 'yan mata na karkara sun huta da neman malamin aro.

Kafin wannan ya samu, ɗalibin da aka turo muku ba da son ransa ba, kada ku bar shi ya shekara huɗu yana jin kansa wanda aka kora daga wani wuri. Ni ma likita na so zama. Abin da ya zaunar da ni a wannan aiki shi ne ranar da na ga fuskokin yara sa'ad da zoɓo ya koma kore. Yaron da na ba ku labarinsa ya zo mana yana cewa da ya gama bautar ƙasa zai nemi aikin banki. Kafin ya tafi ya roƙe ni in bar shi ya jagoranci firaktikal na 'yan SS2 shi kaɗai, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ya bi tebur-tebur yana sunkuyar da kan yara daidai da lanƙwasar ruwa. Watan jiya ya kira ni daga ƙauyen da aka tura shi bautar ƙasa, yana tambayar giram nawa na hodar soda zai auna a lita guda, don makarantar ba ta taɓa yin firaktikal ba kuma ya samo biyuret huɗu a cikin wani kwali a ofishin shugaban makaranta. Na ce masa 5.3, ya busar da hodar tukuna.

Zango mai zuwa za ku sake turo mana wasu. Za mu karɓe su hannu bibbiyu kamar kullum. Ina roƙon ɗaya daga cikinku ya biyo su, ya zo ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, lokacin firaktikal na 'yan SS3, ya zauna har a tashi.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya.

Almajirinku,
Malamin Kemistiri a wata sakandaren gwamnati